Ranar da Mahaifiyata Ta Kayar da Mu a Jarrabawar Agaji

Shekarun baya, bayan wata damina da kogin Kaduna ya cika ya shiga gidajen da ke gangare ta ɓangarenmu, aka kawo wa unguwannin kudancin gari wani kwas na horar da masu agajin gaggawa. Matakin farko ne, na wanda bai taɓa yi ba. Wanda ya gama za a ba shi satifiket, ya zama ana iya kiransa idan ruwa ya ci gida, ko gobara ta tashi, ko gini ya rushe, kuma jami'ai ba za su kore shi daga wurin kamar ɗan kallo ba.

Ni dai ba jarumtaka ce ta kai ni ba. A lokacin ina karanta labarai a gidan rediyo, kuma duk sanarwar gargaɗin da aka aiko da Turanci a teburina take sauka in mayar da ita Hausa. Na gaji da fassara abin da ban san yadda ake yin sa a fili ba. Na ce bari in je in gani da idona, ko ba komai zan dawo da kalmomi.

Abokina kuwa dole ce ta kai shi. Mutumin Filato ne, yana aiki a wani kamfani a Kudenda, yana zaune a Mahuta da matarsa da 'ya'yansa. An rufe sashen da yake, aka ce duk wanda ba a samar wa gurbi ba zai tafi gida. Gurbi ɗaya ne ya dace da shi, na mai kula da kariyar ma'aikata a bakin aiki. Manajan ya gaya masa ƙarara cewa in ya kawo satifiket ɗin nan kafin ƙarshen shekara kujerar tasa ce, in bai kawo ba akwai wanda zai kawo. Kwas ɗin kuma sau ɗaya ake yin sa a shekara.

Sharuɗɗan ba su da wuyar fahimta, cika su ne aiki. Dole ka halarci kowane darasi, ranakun Asabar, a wani zauren taro a Barnawa, in ka yi fashi babu ƙwaƙƙwaran dalili ka fita ke nan. Akwai karatun aji: yadda ake hango bala'i kafin ya zo, yadda ake shiri, yadda ake kai ɗauki, da yadda ake tsayawa da mutane bayan mu 'yan jarida mun kwashe kayanmu mun tafi. An daɗe ana nanata mana wa ke ba wa umarni a wurin haɗari, domin inda kowa ya zama oga, a nan ake barin mutum a ƙasa. Akwai taimakon farko, tsayar da jini da ɗaure karaya da danna ƙirji a kan wani mutum-mutumin roba da muka yi ta durƙusa a gabansa har gwiwoyinmu suka yi kanta. Akwai kashe wuta, akwai magana ta oba-oba, akwai jarrabawar rubutu. Na ƙarshe shi ne atisayen fili, kuma shi ne alƙali. Za a shirya haɗari na ƙarya, a zuba mutane a ƙasa, a ce ku tantance su. Wanda ya faɗi ana ba shi dama ɗaya ya sake. In ya ƙara faɗuwa, sai baɗi.

Tantancewar nan ita ce zuciyar aikin. Ana ba ka ƙyallaye masu launi, ka bi waɗanda abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya da sauri, ka ɗaura wa kowa nasa a hannu. Ja na wanda in ba a ɗauke shi yanzu ba za a rasa shi. Rawaya na wanda ya ji ciwo amma zai iya jira. Kore na wanda zai iya tafiya da ƙafarsa. Ba magani kake bayarwa ba, kana yanke wanda za a fara ɗauka ne.

Malamarmu tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. In ka yi kuskure sai ta tsaya ta dube ka ta saman tabarau har ka gano da kanka. Abokina shi ne ɗan gabanta a aji. Hannunsa na aikin injin ne, in ya ɗaure karaya sai ka ce da ita aka haifi mutum. Har a jarrabawar rubutu ya wuce ni, ni da na ɗauka can ne filina. Ni an fi sanina da ɗaga hannu in tambayi yadda za a ce kaza da Hausa, shi ya sa aka laƙaba mini “mai labarai”.

Ranar atisaye muka taru da safe a filin wata makarantar firamare. Labarin da aka shirya shi ne bango ya rushe kan jama'a a wurin biki bayan ruwan sama. Sista ta nemo 'yan wasanta daga zumuntar matan coci da kuma tsofaffin ma'aikatan gwamnati na unguwa. Kowa an gaya masa ciwonsa a asirce. Kusa da su akwai masu sa ido, waɗanda in ka taɓa jijiyar hannun mutum ko ka duba numfashinsa za su gaya maka abin da ka samu. In ba ka taɓa ba, ba za su ce uffan ba.

Aka haɗa ni da abokina, shi yana tantancewa, ni ina riƙe da oba-oba ina kai rahoto cibiya. Da aka busa usur, wanda muka fara cin karo da shi wani Alhaji ne, tsohon darakta, an shafa masa jan launi a goshi. Mutumin nan ya ɗauki wasan da muhimmanci. Yana birgima yana kiran sunayen 'ya'yansa yana cewa a kai shi asibiti ya san babban likita. Abokina bai yi wata-wata ba ya ɗaura masa ja, masu gadon ɗaukar marasa lafiya suka yi gaba da shi.

Muka juya, sai ga mahaifiyata zaune a gindin mangwaro. Da safen nan ta ce mini za ta koyon waƙa a coci. Ta jingina da bishiyar, ɗankwalinta daidai, hannu ɗaya a cikin zani. Abokina ya saba cin tuwo a gidanmu, don haka ya cire hula ya tsuguna.

“Mama, har da ke aka kawo? Sannu. Yaya jiki?”

“Da sauƙi, ɗana, mun gode Allah. Yaya madam da yara? Je ka duba na can, su ne abin tausayi.”

Ya ɗaura mata kore ya wuce. Ina tsaye a kansu, har kai na gyaɗa. Sannan na danna oba-oba na gaida cibiya, na yi musu barka da warhaka, na fara bayanin yadda lamarin ya auku da irin halin da jama'a ke ciki. Ban kai tsakiyar jimla ta biyu ba muryar Sista ta katse ni: “Mai labarai, mutum nawa, a ina, wane launi. Sauran ka ajiye wa labaran yamma.”

Da aka busa usur ɗin tashi, muka waiwaya, sai muka ga mahaifiyata a miƙe a gindin mangwaro, mai sa ido ya lulluɓe ta da zani har kai. Na san wasa ne, amma ban so ganin ba. Sista ta tara mu ta yi bayani. Alhaji ƙujewa ce kawai a goshi. Mahaifiyata kuwa bulo ne ya buge ta a ciki, jini na zuba ta ciki, kuma da abokina ya taɓa hannunta da an gaya masa jijiyar na gudu ba ƙarfi, jikin ya yi sanyi. Ta dube mu ta saman tabarau.

“Kun gaishe ta da kyau. Na yaba da tarbiyyarku. Ta mutu.”

A cikin keken da ya mayar da mu gida babu mai magana sai marigayiyar, wadda ke ba direba labarin yadda Alhaji ya yi birgima. Da muka isa abokina ya kasa haƙuri. Cikin ladabi ya ce Mama ta san abin da satifiket ɗin nan yake nufi a gidansa, me ya sa ta yi masa haka. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce Sista ta ce kowa ya yi yadda zai yi in da gaske ne, kuma abin da ta yi ke nan.

“Ka tambaye ni jiki a gaban jama'a, me kake so in ce? Ranar da zan haifi wannan mai dogon bayanin, ungozoma ta tambaye ni, da sauƙi na ce mata.”

Abokina ya kai ƙara wurin Sista, a ganinsa an yi masa rashin adalci, domin littafin da aka koyar da mu cewa ya yi ka tambayi mutum inda ke masa ciwo. Sista ta ce ta sani, kuma da gangan ta shirya haka. Waɗanda suka rubuta littafin, in ji ta, mutanensu in an tambaye su suna faɗa. Ita kuwa a duk shekarunta a asibiti ba ta taɓa ganin dattijo ko dattijuwar da aka ce yaya jiki suka ce ya tsananta ba, Musulmi ne ko Kirista, daga birni ko daga ƙauye. Wanda ke ihu yana da numfashin ihu. Masu kunya da kawaici su ake tararwa sun yi sanyi a gefe, bayan sun tura ka wurin wani. Abokina ya ce to shi ke nan, daga yau ya daina gaisuwa, kai tsaye zai kama hannu. Ta ce ya gwada cafkar hannun dattijo ko matar wani babu sallama ya gani ko za a bar shi ya ƙarasa.

Ga inda muka tsaya ke nan. Gaisuwa ba ta baruwa, amsar gaisuwa kuma ba ta da amfani. Jijiyar hannu za ta gaya maka akwai matsala, amma ba za ta gaya maka a ina take ba. Dama ɗaya ta rage, kuma manajan Kudenda ya riga ya tambayi abokina ina aka kwana.

Sai ya shiga zuwa gidanmu kowace yamma in ya tashi aiki, yana gwaji a kan mahaifiyata. Ita ce ta fi kowa jin daɗin abin. Za ta zaɓi ciwo a ranta, ta zauna a tsakar gida ta gyara zani, ta ce ya zo. In ya ce ina ke ciwo, ta ce babu komai, tsufa ne. In ya ce ta nuna masa da hannu, ta ce ai ya wuce. In ya ce ta tashi ta taka, sai ta tashi ta taka, ta ce ko ƙafa ta karye ba za ta zauna yaro ya ɗauke ta ba. Ni da nake taƙama da iya hira da manyan mutane na kawo nawa tambayoyin masu lanƙwasa, duk ta shanye su ta tambaye ni ko na ci abinci.

Wata yamma muna cikin haka maƙwabciyarmu ta shigo da kwanon gwate. Ƙawar mahaifiyata ce, mutuniyar Nasarawa, tare suke zumunta. Suka yi gaisuwa cikakkiya, gida lafiya, jiki lafiya, gajiya babu. Mahaifiyata ta miƙe daga kujera don ta karɓi kwanon, ta ɗan dafa bango. Maƙwabciyar ba ta sauya murya ba, ba ta ma daina kwance ɗaurin kwanon ba, ta ce, “Gwiwar nan tun yaushe?”

“Tun kafin Ista,” in ji mahaifiyata. Sai ta kalle ni.

Wannan ba ya cikin wasa. Gwiwar da gaske take ciwo, wata da watanni, kuma ina gida ɗaya da ita ina gaishe ta kowace safiya tana ce mini lafiya lau. Su biyun suka ci gaba da hirar wani biki da za a yi a Mahuta. Abokina ya bi ni da ido, na bi shi da ido.

Daga baya muka zauna muka warware abin. Matar nan ta yi gaisuwar duka, ba ta rage komai ba, ta karɓi amsar yadda aka ba ta. Amma idonta na kan jiki, ba kan baki ba. Da ta ga wurin, ba ta tambaya ko akwai ciwo ba, domin wannan tambayar tana sa mutum ya zaɓi tsakanin gaskiya da mutuncinsa. Ta ɗauka an riga an sani, ta tambayi lokaci kawai. Faɗin lokaci kuwa ba raki ba ne, ba kai kuka ba ne, babu wanda zai ji kunyarsa.

Ranar maimaici mu kaɗan ne muka rage, kuma Sista ta sauya 'yan wasa gaba ɗaya. Wannan karon ruwa ne ya ci gidaje, an kwaso mutane zuwa makaranta. Mai ihun ranar wata mata ce da ta ɗora hannu a ka tana zagaye fili. Abokina ya gaishe ta, ya nemi izini ya riƙe hannunta, mai sa ido ya ce komai daidai, ya ɗaura mata kore. Ta bi shi da cewa ba shi da tausayi, Allah ya haɗa shi da suruka irinta. Bai waiwaya ba.

A bakin wani aji muka tarar da wani Baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, zaune a kan benci ƙyam, sandarsa tsakanin ƙafafu. Matarsa na kwance a tabarma kusa da shi, an shafe mata ƙwauri da jan launi, tana nishi. Abokina ya tsuguna ya gaishe shi. Baba ya amsa lafiya lau, ya ce shi babu abin da ya same shi, a fara da matarsa. Abokina ya miƙa hannu zai riƙe nasa, Baba ya janye.

“Na ce ka je wurin matata. Ko ba ka da kunne ne?”

Irin muryar da ta saba a bi ta ce. Na ga abokina ya ɗaga gwiwa ɗaya zai tashi. Mutum ne da tunda aka haife shi bai taɓa musa wa mai furfura ba, ga jini a ƙafar matar ana gani, ga mai sa ido yana kallon agogo. Ni an hana ni sa baki, aikina oba-oba ne. Amma na lura da abin da shi ma ya lura da shi: Baba na yanke magana yana jan numfashi, kuma hannunsa na hagu sai komawa yake wurin aljihun riga kamar mai neman biro.

Abokina ya mayar da gwiwarsa ƙasa.

“Yanzu zan je wurin Mama, ranka ya daɗe. Ƙirjin nan tun yaushe?”

Baba ya kalli mai sa ido, ya kalli matarsa. Sannan a hankali ya ce tun da ruwan ya maka shi da ƙofa. Kafin ya rufe baki yatsun abokina na kan jijiyarsa, mai sa ido ya karanto abin da muke zato, jijiyar na gudu ba ƙarfi. Aka ɗaura wa Baba ja, matarsa rawaya bayan an tsayar da jinin. Na danna oba-oba na ce, “Cibiya, ja ɗaya, ƙirji, bakin ajin farko. Rawaya ɗaya a wurin.” Na saki. A duk shekarun da na yi ina magana a makirufo ban taɓa karanta labari gajere haka ba, har bakina ya ji kamar an ƙwace masa abinci.

Sista ba ta yabi kowa ba. Ta ce wa abokina ya ɓata lokaci wurin tashi da komawa, a wurin haɗari na gaske wannan shakkar tana da tsada. Sannan ta ce ya wuce. Baba ya zo yana goge rigarsa ya ce masa yaro mai taurin kai, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Abokina ya kai satifiket Kudenda, aka ba shi kujerar, yana kanta har yau. Ni ma an ba ni nawa, ko da yake irin wanda ake sabuntawa ne da ƙarin horo, nawa kuwa ya daɗe da tsufa a cikin durowa. Mahaifiyata mun kai ta asibiti aka duba gwiwar, tana ta mita cewa mun tona mata asiri a gaban likita.

In na tuna abin yanzu, ba na ganin laifin “da sauƙi”. Na girma a cikinta, kuma na san abin da take ɗauke da shi: kada in ɗora maka nauyina, kai ma kana da naka. Abin da kwas ɗin ya koya mini, wanda babu shi a jerin sharuɗɗan, shi ne amsar nan ta gaisuwa ce, a karɓe ta da girmamawa a matsayin gaisuwa, sannan a buɗe ido a fara aiki. Tun daga lokacin, in ina fassara sanarwar ambaliya ba na tsayawa kan cewa duk mai buƙatar taimako ya yi magana. Ina ƙarawa da cewa a shiga ɗakunan tsofaffi a duba su da ido, ko sun ce lafiya.

Bara zazzaɓi ya kwantar da ni har aka ba ni gado. Abokina ya zo dubiya da rigar aikinsa, ya ja kujera ya zauna, ya ce mai labarai yaya jiki. Na san duk abin da na rubuta a sama, ni na zauna na warware shi da bakina. Duk da haka da na buɗe baki, da sauƙi na ce. Ya ce madalla, haka ake so. Sai da na sunkuyar da kai na ga yatsunsa biyu sun riga sun sauka a kan jijiyar hannuna.